Man da Ya Ƙi Raguwa

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Litinin leda ta fara ƙin kama gyaɗa. Na san lokacin domin na rubuta shi. Komai rubutawa nake yi.

Makaranta ce ta tura ni koyon aiki na wata huɗu a wata ƙaramar masana'anta a Rogo, inda ake tatsar man gyaɗa, ake kuma ɗura soyayyiya a leda. Akwai injin da ke zuƙe iskar cikin ledar har ta manne, don kada gyaɗar ta yi sanyi. Shi aka damƙa mini. Kowace safiya in goge shi, in duba matatar iska, in leƙa ɗan gilashin da ke nuna yawan mai da launinsa. In lokaci ya yi, in juye tsohon mai in zuba sabo daga galan ɗinsa na musamman.

Ranar nan ledoji suka riƙa fitowa sakwaf-sakwaf. Man da na zuba garai-garai kwana tara da suka wuce ya yi duhu, ya yi kauri. Na juye, na zuba sabo. Bayan mako guda ya koma yadda yake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, injin yana ɗan ɗiga ta ƙasa, ina goge wurin kullum, amma man bai taɓa sauka daga layinsa ba.

Na kai wa manaja littafin da nake rubuta komai a ciki. Sai da muka gaisa, na tambayi gida da gajiya, sannan na buɗe shafin. Ko kallo bai yi ba.

"Malama, shekara uku injin nan yana aiki lafiya. Ke kika zo ya fara tari. In ya mutu a hannunki, ba zan sa hannu a takardarki ba."

In babu sa hannun nan, sai na maimaita wata huɗun, 'yan ajinmu su wuce ni. Ina da amsa a bakina, amma na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito ina jin haushin kaina.

Aka kira makanike daga Ƙaraye. Ya zagaya injin, ya buga shi da sifana, ya ce, "'Yar boko, injin ba ya jin biro." Mata masu suya suka kwashe da dariya. Ya ɗaure bel ɗin da ba abin da ya same shi, ya hau babur ɗinsa. Washegari ledoji suka fi lalacewa.

Na karanta littafin injin sau uku, har da ƙananan rubutun ƙasa. Babu inda aka ce mai yana cika kansa. Na shinshina wanda na juye, ƙamshin ƙuli-ƙuli yake, amma a wurin nan har mayafina haka yake ƙamshi.

Ranar Laraba manaja ya ce zuwa Juma'a in kawo dalili. Ranar Alhamis na yi sammako, na riga kowa zuwa. Sai na tarar da tsohon da ke gadin ƙofa a tsugune gaban injin, murfin mai a hannunsa, da kwalba a gefensa. Kullum shi ne yake sa mini albarka in na shigo.

Na durƙusa. "Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, jikata. Yau kin yi wuri."

Na nuna hannunsa na ce, "Baba, mene ne a kwalbar nan?"

Ya ɗaga ta, ya nuna wa haske.

"Mai mana. Na ga yana zuba a ƙasa, ke kuma ga ki baƙuwa, kada a yi miki faɗa. Shi ne nake ɗan ƙara masa kafin ki zo. Kuma kada ki damu, ba na kasuwa ba ne. Namu ne, tatsar jiya."