Sifika biyar da tabarmar Ya

Ga abin da na zuba a ɗakin: sifika biyar, wufa ɗaya mai ba da rugugi, talabijin mai cin rabin bango, da waya yadi arba'in da na binne cikin siminti da hannuna. Abin da nake nema da su kuwa guda ɗaya ne, wata tsohuwa ta yarda ta zauna a gidana. Mahaifiyata ce. Ya muke ce mata, yadda ake kiran uwa a Barno. Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko ta daga tsohon gidanmu na Mafoni, bisa sharaɗin da ita ta kafa: za ta gwada har ƙaramar Sallah, in zaman bai yi mata ba, a mayar da ita. Lokacin da na gama ɗakin, saura wata biyu.

A Mafoni ba ta taɓa rasa abokin hira ba, don zaure a buɗe yake, mai shiga daban mai fita daban. Sabon gidana kuwa yana bayan GRA, katanga doguwa, maƙwabta sai dai ka ga motarsu. Ya ta shige ɗakinta da 'yar rediyonta, ba ta fitowa sai alwala.

Ni kuma sauti ne abin da na sani. Da tallan kaset a tire na fara a bakin Kasuwar Litinin, yau ina da shago biyu na kayan sauti, kuma na ɗaura sifika a gidaje da majami'u da ɗakunan taro fiye da yadda zan iya tunawa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka fara zaɓen kujerar da za a zauna, daga ita ake auna komai. Uku a gaba, ta tsakiyarsu ita ke ɗauke da maganar mutane. Biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, sama da kunne kaɗan, su ke kawo ƙarar ruwa da mota da rufe ƙofa. Na zaɓi ƙanana na baya don kada su danne na gaba. Na sa kujera mai laushi a tsakiya, na auna da tef har sau biyu. Kujerar ta Ya ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je na durƙusa na roƙe ta ta zo ta gani. Ta zo da tabarmarta a hammata. Ko kallon kujerar ba ta yi ba, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta jingina da bango.

Na ce, "Ya, ga wurinki can."

Ta ce, "Can tsakiya? Kamar amarya ranar bikin wushe-wushe? Kai mai shago, zauna abinka, kai ka saya."

Na kunna fim. Ba a yi minti goma ba wani a fim ɗin ya ƙwanƙwasa ƙofa, Ya ta waiga ta ce a shigo. Matata ta toshe baki da mayafi. Can aka fara ruwa a fim ɗin, Ya ta yunƙura tana cewa a kwashe mata kuɓewar da ta shanya, alhali a waje rana ce mai narka kwalta. Da ta gane, ba ta yi dariya ba. Ta naɗe tabarma.

"Wane ne wannan marar tarbiyya da ke magana a ƙeyata? Mai son magana da ni ya zo gabana."

Na bi ta ina bayani, wai haka ake yi ko'ina a duniya, sautin ya kewaye mutum. Ta ce ita ba gawa ba ce da za a kewaye ta.

Na ƙara gwadawa da azumi ya kama. Na ce ai tafsiri ba fim ba ne, wannan za ta so. Na saita na'urar ta raba karatun ga duka biyar ɗin don ɗakin ya cika. Ta zauna a wurinta na bakin ƙofa. Mai jan baƙi na buɗe baki ta miƙe da sauri irin wanda ban ga ta yi ba tun ina yaro.

"Ni zan ba wa karatu baya? A gidan ubanka ka ga an yi haka?"

Ta koma wa rediyonta. Washegari na ji tana tambayar matata ko ɗakinta na Mafoni yana yoyo.

Matata ce ta ce mini, "Maigida, kai fa kullum a kujerarka kake jin abin nan. Ka taɓa zama inda take zama?"

Ban taɓa ba. Shekara ashirin ina gaya wa masu saye cewa daga wurin zama ake aunawa, ni kuma na auna daga wurin da na ga dama a zauna. Da hantsi na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, na jingina da bango, na kunna. Sifikar baya ta dama tana bisa kaina daidai, tana zuba mini tsuntsaye da ƙarar mota. Maganar mutane kuwa can take wucewa ta saman kujera, sai ka kasa kunne kafin ka tsinci kalma. Ga shi kunnen Ya na hagu ya yi nauyi tun da daɗewa, shi ne kuma yake fuskantar talabijin. Duk kwanakin nan hayaniya na yi ta ba ta.

Kwana biyu ban je shago ba. Na cire na bayan nan biyu, na dawo da su gefe da gefenta, gaba da kafaɗarta kaɗan, yadda za ta gan su da ido. Wayar da na binne ta tashi a banza, sabuwa na bi da ita ta gindin bango. Na karkato talabijin wajen ƙofa, na sunkuyar da sifikar tsakiya ta dubi tabarma, na ƙara wa ɓangaren hagu ƙarfi. Wufa na rage shi sosai, don mai zama a ƙasa a ƙashinsa yake jin rugugin. Na kuma ware maɓalli ɗaya a rimot, na manna masa jan tef: in an danna shi, na gaba kaɗai ke magana. Na karatu ke nan.

Ban kira ta ba. Na bar ƙofa a buɗe lokacin tafsiri. Rana ta farko ta wuce da buta, ta ɗan tsaya. Rana ta biyu ta leƙo ta dubi bangon da ke bayan wurinta, ta ga ramuka huɗu babu komai.

"Ina marar kunyar?"

"Ga shi nan a gabanki, Ya. Ya tuba."

"To, ya ci gaba da zama inda nake ganinsa."

Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna har aka shafa.

Saura kwana uku Sallah ta ce in nemi keke napep a je Mafoni. Na ɗauka komawa za ta yi. Ashe kaskon turarenta za a ɗauko, da tukunyarta ta ruwan sanyi. Kaskon a ɗakin kallo ta ajiye shi, dab da sifikar hagu. Na buɗe baki zan ce hayaƙi yana ɓata sifika, na rufe.

Ga yadda aka tashi. Waya yadi arba'in tana cikin bango ba ta aikin komai. Ramuka huɗu har yau ban toshe ba. Kujerar tsakiya ta zama wurin da sauti ya fi muni a ɗakin, wani mai saye da na kawo ya gani ma ya zauna a kanta, ya saurara, ya tafi bai sayi ko waya ba. Sifikar hagu tana ƙamshin turaren wuta, na san kwananta ya ragu. A ɗaya gefen kuma, Sallah uku ke nan Ya tana gidana, rimot mai jan tef yana ƙarƙashin matashinta, kuma in ina son jin fim da kyau sai in sauko ƙasa in ce ta matsa mini.