Takardar Da Ta Raba Ni Da Sunan Mahaifina

Lokacin da na yi wannan kuskuren shekarata goma sha tara, na gama sakandare ke nan, kuma a duk ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar babu wanda ya kai ni zumuɗin son karatun aikin lafiya. Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu, domin abin da zan faɗa har gobe yana iya raba ni da aikina. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, yanzu ya yi mini nauyin da ba zan iya ci gaba da ɗauka ni kaɗai ba.

Mahaifina ba a Nijeriya aka haife shi ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram ya tsallako yana saurayi, shekarar da fari ya cinye musu dabbobi, a ƙafa ya taho har Maigatari. Ya fara da jan dabbobi a kara, wato kasuwar dabbobi, ranar kasuwa, daga baya ya koma tufkar igiya yana sayar wa masu shanu da raƙuma. Kakana na wajen uwa ya ga natsuwarsa, ya ba shi 'yarsa, ya yanka masa gona. Mu bakwai aka haifa a gidan, ni ne na uku. Baba ya yi sama da shekara talatin a ƙauyen, shi ne ladanin masallacinmu, kuma babu wanda yake kallonsa a matsayin baƙo, sai dai abokan wasansa su tsokane shi idan ya ce lakwal maimakon makaranta, ko ya kira likita lokotoro. Takarda kuwa ba shi da ko guda, ba ta can ba ta nan. Yakan ce shi da ya zo babu wanda ya tambaye shi komai sai sunansa da sana'arsa.

Da na sami gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, aka ce sai na kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wani da muka yi aji ɗaya da shi ya ja ni gefe ya ce mini kada in kuskura in ambaci sunan Baba, domin takardar ta uba ake bi, kuma da zarar an ji ɗan tsallake ne magana ta ƙare, har ma ana iya sa mini alama a hana ni komai nan gaba. Ban tambayi kowa ba bayan shi. Ban je wurin mai unguwa da gaskiyata ba, ban je wurin dagaci ba. Tsoro kawai ya kama ni, na tafi wurin kawuna, wan mahaifiyata, na roƙe shi ya bari in sa sunansa a gurbin sunan uba. Kawu ya ce abin bai kwanta masa ba, amma tun da karatu ne ba zai zama shi ya tare mini hanya ba. Da sunansa na cike takardu, wani da ya san hanya ya shige mini gaba, cikin mako guda takarda ta fito.

Sai da komai ya kammala na faɗa a gida. Inna ta tashi tsaye tana faɗa, ta ce wane irin ɗa ne zai cire sunan ubansa uban yana raye, ta ce ko malamai ba su taɓa gaya mini girman zunubin jingina kai ga wanda bai haife ka ba. Baba yana zaune a kan buzunsa da igiya a hannu, bai ɗago ba. Da ta gama sai ya ce ta bar ni, ai suna ba ya ƙara wa mutum tsawo, idan dai zan yi karatun in taimaki jama'a shi ya yafe. Ni kuma na ce masa na ɗan lokaci ne, da na gama makaranta zan gyara. A lokacin har zuciyata na yarda da abin da na faɗa.

Abin da ban sani ba shi ne takarda ɗaya takan haifi wata. Da sunan Kawu aka yi mini rajistar makaranta, da shi shaidar kammalawa ta fito, da shi aka ba ni lasisin aiki. Da aka ɗauke ni aiki aka tura ni wani ƙaramin asibiti a gefen Gumel, da shi na buɗe asusun banki, da shi na yi katin ɗan ƙasa, har layin wayata. Duk lokacin da na ce bari in gyara, sai in ga babu wadda zan taɓa ba tare da sauran sun zube ba. Ranar da aka ce za a zo tantance ma'aikata kuwa, tun kwana uku kafin nan nake ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya. In tsaya a layi da fayil a hannu, ina maimaita sunan Kawu a raina kada bakina ya suɓuce. Akwai shekarar da muka ji an dakatar da wani ma'aikaci a wani gari saboda an rubuta ƙorafi cewa ɗan Nijar ne. Abokan aikina suka yi ta zancen a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, wasu na cewa 'yan tsallake sun cinye guraben 'ya'yan ƙasa. Ina zaune a cikinsu, kuma don kada a ga na yi shiru, ni ma na sa baki na ce gaskiya ne abin ya yi yawa.

Daga nan na fara rage zuwa da kowa gidanmu. Idan abokin aiki ya ce zai raka ni ƙauye, sai in ƙirƙiro dalili. Da na yi aure na kama haya a Gumel, na gaya wa matata gaskiya, ita ma ta shiga cikin ɓoyon. Baba ya sha cewa yana so ya zo ya ga inda nake aiki, ya gan ni da farar riga, ni kuma kullum in ce masa ana gyaran wurin, ya bari sai an gama. Shekara goma sha ɗaya ana wannan gyaran. Daga baya ya daina tambaya.

Wata ranar kasuwar Maigatari da hantsi, ina ɗakin duba marasa lafiya, sai ga wata motar haya ta tsaya a bakin asibiti, mutum biyu suka fito da wani dattijo a kwance. Ya faɗi ne a rumfarsa, masu sayen igiya suka ɗauko shi, da aka tambaye shi inda za a kai shi ya ce a kai shi wurin lokotoron da ke asibitin nan. Na fito na ga Baba, bakinsa ya ɗan karkace, hularsa a hannun direba. Na ruga na riƙe kansa. Shugaban asibitin namu yana tsaye, ya ji yadda Baba yake magana, ya ga yadda na riƙe shi, sai ya tambaye ni ko ɗan uwana ne. Ma'aikata huɗu suna wurin suna jira. Na buɗe baki na ce maƙwabcinmu ne a ƙauye, mutumin kirki ne, tun ina yaro na san shi.

Idanun Baba a rufe suke, na zaci bai ji ba. Sai ya buɗe su a hankali ya kalli shugaban, da muryar da ba ta fita sosai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Maƙwabta muke."

Kwana biyar ya yi a kan gado. A cikin kwanakin nan duk lokacin da akwai mutane a kusa, Malam yake kira na, yana yi mini godiya idan na ba shi magani kamar yadda sauran marasa lafiya suke yi. Da Inna ta zo jinya ya ja mata kunne, ita ma ta riƙa gaishe ni kamar ɗan maƙwabta, tana gamawa ta juya fuska bango. Ni na rubuta katinsa da hannuna, a gurbin ɗan uwan da za a tuntuɓa na sa sunan yayana. Da aka sallame shi na kai shi gida, a mota na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce kada in tayar da maganar, ya ga wurin aikin, ya ga ana girmama ni, ya isa.

Bai ƙara komawa kasuwa ba. Da jikin ya ɗan yi sauƙi ya ce mini abu ɗaya yake so, in kai shi ya ga ƙanwarsa da ta rage masa a can ƙauyensu, rabonsa da ita an yi shekaru. A lokacin an rufe iyaka. Mutane dai suna wucewa a babur ta hanyoyin gona, kowa ya san haka, amma jikinsa ba zai ɗauki babur ba sai mota, mota kuwa sai an tsaya an yi bayani. Na riƙa tunanin a tsayar da mu a tambaye ni wane ne wannan tsohon a wurina, ga katina na aiki da wani suna, ga shi babu takarda ko ɗaya. Na ce masa ya bari a buɗe iyaka. Ya ce to. Kafin a buɗe, ciwon ya dawo, Allah ya karɓi abinsa wata Laraba bayan azahar.

Ko rasuwar ban iya faɗa a wurin aiki ba. Na ce maƙwabcin nan namu ne ya cika, aka ce Allah ya ji ƙansa, aka ba ni yini ɗaya. Washegari, 'yan uwana suna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, ni ina asibiti ina yi wa yara allurar rigakafi. Sai an tashi aiki in hau mota in tafi in zauna a cikinsu na ɗan lokaci. A rana ta uku ina zaune a kan tabarma sai ga wata abokiyar aikina ta sauko daga babur. Babbar ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga tsakiyar ƙasar nan aka kawo ta aiki tun kafin in gama firamare, duk asibitin Mama muke kiran ta. Ta shiga ta gaishe da Inna, ta fito ta sa aka kira ni gefe. Ta ce ta zo yi mini gaisuwar mahaifina. Ta ce tun ranar da aka kawo shi ta gane, domin goshinmu ɗaya, kuma ba a riƙe wa maƙwabci kofi yadda na riƙe masa. A nan na yi kukan da ban yi ba ko a maƙabarta.

Ita ce ta gaya mini nata labarin. 'Ya'yanta huɗu duk a Gumel ta haife su, Hausa ce a bakinsu, amma duk wanda ya tashi neman makaranta sai ya yi tafiyar yini guda zuwa garin kakanninsa, inda babu wanda ya san fuskarsa, ya karɓo takardar asali. Ta ce ta san ciwon, amma ba ta taɓa barin ɗanta ya canza ko harafi ɗaya ba. Ta matsa mini in je in ga lauya. Lauyan ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a dokar ƙasa wanda aka haifa a nan kuma mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ɗan ƙasa ne cikakke, babu wanda ya isa ya ce masa baƙo. Ya ce abin da yake iya zame mini laifi yanzu ba asalin Baba ba ne, ƙaryar da na sa wa hannu ce. Na je wurin dagacinmu na faɗa masa komai. Tsohon ya yi salati, ya ce da na zo masa a lokacin da shi da kansa zai tsaya mini, mutumin da ya yi shekara talatin yana kiran su salla, wa zai ce ɗansa ba na garin ba ne.

Yau shekara biyu da rasuwar. Lauyan ya ce ana iya gyara suna ta hanyar rantsuwa a kotu, amma dole a bi takardun ɗaya bayan ɗaya, kuma idan aka tambayi dalili na faɗi gaskiya, aikin yana iya tafiya. Inna tana hannuna, ga matata da 'ya'ya huɗu. Na kasa ci gaba, na kasa komawa baya. Kullum da safe ina sa hannu a rajistar zuwa aiki da sunan mutumin da bai haife ni ba.

Abin da na koya shi ne tsoro da jin maganar wanda bai sani ba sun fi dokar kanta cutar da ni. Ina kira ga duk matashin da ke garuruwan iyaka, wanda uba ko uwarsa suka tsallako, kada ya yarda wani ya ruɗe shi ya ari sunan kowa saboda takarda. Ya je wurin mai unguwa da dagaci da gaskiyarsa, idan an ƙi ya nemi wanda ya san doka, ko da zai rasa shekara guda ta karatu. Hukuma kuma ta dubi irin iyayenmu da suka tsufa a nan suna noma suna biyan haraji ba su da shaidar komai, a sauƙaƙa musu hanyar yin rajista, a kuma wayar wa 'ya'yansu kai su san matsayinsu. Masu karatu, ina roƙon ku sa mahaifina a addu'a. Tun ranar da na ari sunan Kawu, wannan ne karo na farko da na rubuta a takarda cewa shi ne ya haife ni.