Ɓawon teku da yatsun Anti Habiba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanya wanki aka kira ni a waya: Anti Habiba ta rasu.

Na zauna a bakin rijiya.

Tsofaffin layinmu a Tudun Wada za su tuna da ita. Ita da maigidanta sun kama haya a gidanmu shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, lokacin Baba yana jan tirelar siminti daga Legas. Tana digiri na biyu a jami'a, ni ina 'yar shekara goma.

Ita ta fara saya min fensir. In na dawo daga makarantar allo takan ce in karanta mata inda aka biya min, tana tsefe min kai tana saurare.

Karatunta a kan wata 'yar halittar bakin teku ne mai ɓawo biyu. Mu makankari muka sani, na rafi, wanda ake kankare tukunya da shi. Wannan danginsa ce, sai dai ba ta wuce farcen babban yatsa ba.

Anti ta ce a cikin jiƙaƙƙen yashi take zama, daidai inda igiyar ruwa ke faɗowa da ƙarfi. Igiya ta tono ta, ta maka ta da ƙasa, ta ja ta. Kafin wata ta iso ta fiddo ƙafarta guda ɗaya mai kama da harshe, ta haƙa, ta nutse. Sai ta miƙo 'yan bututu biyu sama, ɗaya na zuƙar ruwa ta tace abinci, ɗaya na fitarwa. Haka dare, haka rana. Tsuntsu na nemanta, ƙaguwa na nemanta.

Shekara biyu Anti na bin jirgin ƙasa zuwa kudu tana tsinto ɓawon. Kowane rukuni da kwalin ashanarsa, an rubuta wuri da wata a jiki.

Ana saura kwana uku salla na shiga ɗakinta ba ta nan. Na ga wasu ɓawon da huda, zagayayya tsaf, kamar an yi don a zura zare. Na juye kwalayen duka a faranti ɗaya, na zaɓi masu huda na yi sarƙa, sauran na mayar duk inda hannuna ya kai.

Da ta ga sarƙar a wuyana ta buɗe kwali ɗaya, ta buɗe na biyu, ta zauna a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Saudatu, ba mutum ya huda su ba. Wani dodon koɗi ne na teku. Yakan danne ta cikin yashi, ya yi ta goga ɓawon har ya ɓule, ya cinye ta da ranta. Kowace huda kisa ce."

Ban gama ciro sarƙar ba Baba ya shigo daga tafiya. Ya ji kalmar "ɗauka" kawai a bakin 'yan gida. Ya ce ba za a yi sata a gidansa ba, ya koma mota ya ɗauko fanbel.

Na farko ya fasa min baya. Na biyu ya same ni a kunne, jini ya sauko wuyana. Inna ta riƙe shi, ya watsar da ita kan turmi. Na faɗi ina rarrafe, yana bina yana tafka.

Anti ta shiga tsakani ta cafke fanbel ɗin, ya naɗe mata a hannu. Baba ya fizga da duk ƙarfinsa.

Har yau ina jin ƙarar. Yatsu biyu na hannunta na dama suka karye.

Baba bai ba ta haƙuri ba. Washegari ya hau mota ya tafi, su kuma suka tashi suka koma unguwar Kongo.

Da hannun ya warke ta koma tekun don ta sake tsinta, tunda na cakuɗa mata na farko. Ta tarar ɗanyen mai ya malala a wurin, yashi ya yi baƙi, ɓawo duk sun wangale suna wari, don man ya toshe musu bututun. Digirin bai yiwu ba. Koyarwa ta kama a sakandare, da hagu take rubutu a allo har ta yi ritaya. Kuma ba ta taɓa barin salla ta wuce ba ta aiko min da atamfa ba.

Watan jiya na je gaishe ta a gidan 'yarta a Gyallesu. Na durƙusa na nemi gafara. Ta yi dariya, ta ce lokacin alƙalami bai hau kaina ba, in tashi kar gwiwa ta riƙe, ni ma na fara tsufa.

Na ce, "Anti, Baba fa? Ya riga mu gidan gaskiya da haƙƙinki a kansa."



Ta ce, "Da baki na sha cewa na yafe. Zuciyar ce ba ta bi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Ki dawo bayan salla, ina ta roƙon Allah a kai."

Sallar ba ta zo ba tukuna.

Ban san inda roƙonta ya tsaya ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Ya Allah ka gafarta wa Anti Habiba, ka yalwata kabarinta, ka saka mata da abin da ta tare min da hannunta. Ya Allah ka shiga tsakaninta da mahaifina da rahamarka, ka biya ta daga taskarka har ta yarda.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. In kun gama, kar ku shafa sai kun sa Baba.