Rijiyar Ishaya

Ni Indo, mai ƙuli-ƙuli a unguwar Rikoto da ke Zuru, shekara da shekaru a wurin Gladys nake niƙa gyaɗata, don haka labarinta ba a bakin wani na ji shi ba. Maman Praise muke ce mata. Gajeriya ce, kakkaura, kullum ƙurar gari ta mayar da girarta fara fat. In injinta yana ruri, muryarta har bakin titi ake ji: "Ke mai jan bokiti, matso mana. Wa ya kawo min dawa da tsakuwa?" Amma a kashe injin nan, mutane su yi shiru su zuba mata ido, to an gama da ita. Sai ka ga leɓenta yana rawa kamar mai jin sanyi.

A Dabai aka haife ta, 'yar manomi ce, da yarensu na C'lela ta tashi. Hausa kuwa a bariki ta ƙarasa koyonta bayan ta auri wani soja mai suna Ishaya, kuma matan bariki ba su raga mata ba, ko me ta faɗa sai sun kwaikwaya suna dariya. Ta taɓa ba ni labarin ranar da aka ce ta tashi a zumuntar matan coci ta yi wa baƙi maraba. Ta miƙe, ta ce "Ina… ina…", sai kawai ta nufi ƙofa, ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba. Tun daga ranar, in za a yi taro, can baya take zama kusa da hanyar fita.

Da Ishaya ya ajiye aiki suka dawo Zuru, ya saya mata inji, ya kuma haƙa rijiya. Da gangan ya haƙa ta a wajen katanga, ya ce ya gaji da ganin mata suna sallama a ƙofar mutane saboda guga ɗaya. Bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya yi masa rasuwa. Rijiyar ce ta rage da sunansa. Kirista da Musulmi duk nan muke ɗiba, ruwa garau, ko da rani ba ta ƙafewa.

Sai ga wani mai kuɗi, Solomon. Ya sayi filin da ke manne da gidan Gladys, ya gina gidan saukar baƙi, ya rasa inda zai haƙa ramin masai sai daf da rijiyar. Damina ta farko ruwa ya fara wari. Ta biyu kuwa, wallahi abin ya wuce wari. Ka jefa guga, ka jawo, ka ga wani kumfa a sama da 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Yara suka kama gudawa gida-gida. Jikata sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Muka ce a kai ƙara gaban mai unguwa. To al'adarmu a nan, mata ba sa tashi da kansu a irin wannan zama, namiji ake ba saƙo ya isar. Muka ba Gabriel, mai riƙe lasifika a wuraren biki, tunda an ce bakinsa da zaƙi. Tir da wannan zaƙi. Mutumin nan ya gaida mai unguwa, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba su zo ba, ya yaba wa Solomon da ya kawo ci gaba unguwa, can a ƙarshe ya ce iyaye mata suna da ɗan ƙorafi kan harkar muhalli. Muhalli. Kashi a cikin ruwan sha ne ya koma muhalli. Solomon ya gyaɗa kai ya ce za a duba, aka yi addu'a aka watse.

A hanya na tare Gabriel na ce, "Malam, abin da muka aike ka ke nan?" Ya ce wai ai ba a ambaton ƙazanta a gaban manya. Na ce amma ana shanta a gaban manya ko? Ya buga babur ɗinsa ya bar ni tsaye.

Washegari na sami Gladys a inji idanunta jawur. Cikin ƙarar injin take ta surfa masifa, ta kawo wannan ta kawo wancan, magana tsaf a jere, babu inda ta yi tuntuɓe. Haushi ya kama ni. Na miƙa hannu na kashe injin. Wuri ya yi tsit, matan da ke layi suka juyo suna kallonta.

Na ce, "Ci gaba, Maman Praise. Kina cewa mijinki ya haƙa rijiyar da guminsa, sai me?"

Ta kama gefen zaninta tana murzawa. Da ƙyar ta ce, "Indo, kin ci mutuncina," ta tayar da injin.

Ba ta yi min magana ba sai bayan kwanaki. Ranar da ta huce, ita da kanta ta ce, "Gobe ki sake kashewa." Haka muka fara. In ta ɗauko zance cikin ƙara, sai in kashe ba shiri, dole ta ƙarasa shi a cikin shiru. Da fari kalma biyu take yi ta tsaya tana haki. Wata rana har amai ta yi a bayan shago. Muka gano in ta kalli jama'a gaba ɗaya kanta juyawa yake, amma in ta zaɓi fuska ɗaya ta yi mata magana, sai ta sauya zuwa wata, tana iya kaiwa ƙarshe. Muka gano hannunta ne ke tona mata asiri, sai ta riƙa riƙe ɗan tsumman da take goge inji. In Hausa ta ƙwace mata, takan faɗi abin da C'lela a ranta tukuna, ta ja numfashi, sannan ta fito da shi.

Matan layi suka zama 'yan kallo, kuma ba su da kirki ko kaɗan. Wata ta yi hamma da gangan, wata ta ce ba a jin ta, wata ta kwaikwayi tarin mai unguwa. Gladys ta yi fushi, ta yi kuka, daga baya ta koyi wucewa ta kansu. Ta je coci ta nemi a ba ta sanarwar Lahadi. Waɗanda suka je sun ce takardar tana kaɗawa a hannunta, amma ta karanta har ƙarshe ta koma ta zauna a kujerar gaba.

Da aka sake kiran zama a ƙofar gidan mai unguwa, Gabriel ya gyara hula zai tashi. Gladys ta riga shi. Dattawa suka kalli juna. Ina kusa da ita, ina ganin tsumman nan a hannunta.

Ta ce, "Baba mai unguwa, ranka ya daɗe. Iyayena, ina gaisuwa. Ni ce matar Ishaya. Kashin baƙin Oga Solomon yana shiga rijiyar mijina, 'ya'yanku suna sha."

Wani dattijo ya ce subhanallahi, wani ya sunkuyar da kai. Ba ta tsaya ba. Ta dubi wani mai shago ta ce ɗansa ne ya kwana asibiti, ta dubi wani ta tuna masa da ruwan da aka yi girkin bikin 'yarsa. Ta faɗi yadda Ishaya ya shiga ramin nan da kansa yana fasa dutse alhali ƙirjinsa ya riga ya fara ciwo. A nan ta matse tsumman hannunta, ta ci gaba. Ta ce ba ta zo zagin kowa ba, abu ɗaya take roƙo: a kwashe ramin masan, a cike shi, a haƙa wani can nesa. Ta ce na gode, ta zauna.

Aka yi tafi. Ni har hawaye na yi don daɗi, na ce yau dai an faɗa.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce tunda yake bai taɓa jin mace ta yi magana mai shiga jiki irin wannan ba. Ya ce ta buɗe musu ido, yanzu kowa ya tabbatar ruwan nan haɗari ne. Saboda haka, don lafiyar yara, a rufe rijiyar. Kafin mu gane abin da muka ji, Solomon ya miƙe ya ce shi zai ba da siminti da rodi kyauta, kuma duk mai son ruwa ga famfon gidan baƙinsa nan, zai sayar wa 'yan unguwa da sauƙi. Aka yi masa tafin da ya fi nata. Gabriel har da miƙewa tsaye yana tafawa. Kai, ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, ji na yi kamar in tofar da miyau a tsakiyar tabarmar.

Gladys ta sake tashi, ba wanda ya ba ta izini, kuma wannan karon ko yatsanta bai motsa ba. Ta ce, "Baba, ba haka na ce ba. Rijiya ba ta yi laifi ba. Ramin masai na ce a ɗauke." Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "'Yata, mun ji ki, kin iya magana. An riga an yanke." Aka shafa addu'a.

Yanzu duk Rikoto an san bakinta. Ita ke magana a madadin zumuntar mata, ana gayyatarta biki ta yi wa amare nasiha, har garin Ribah an taɓa ɗaukarta a babur ta yi jawabi a taron mata. Duk zaman unguwa sai ta tashi ta maido da zancen ramin nan, a ce mata an ji. Ramin yana nan inda yake, in an yi ruwan sama sai ka toshe hanci kafin ka wuce.

Ranar da magina suka zo rufe rijiyar ina wurin. Da ruwanta suka kwaɓa simintin, suna yi suna yamutsa fuska. Gladys ta kashe injinta ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu, har suka gama shafe murfin. Kafin ya bushe, babban maginin ya tsinci ƙusa ya durƙusa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: TAIMAKON OGA SOLOMON. Da aka karanta min, raina ya ɓaci, na ɗaga ƙafa zan murje shi da takalmi. Ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Bar shi, Indo. Duk wanda ya zo da guga, gara ya san wanda ya rufe ta."