Tafkin da Bature Ya Gano a Kwalkwalawa

Har gobe ban manta da ranar da aka so mayar da gonar Arzika tafki ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba, ni kuwa ina jan sarƙa a aikin safiyo, wato awon ƙasa. Tsarin aikin shi ne Bature ya rubuta, hedimani, wato shugaban lebura, ya yi tafinta, mai sarƙa ya ja bakinsa. Ka yi wa Bature magana kai tsaye, ka kori kanka.

Baturenmu saurayi ne, ya zo da wani ɗan kwalekwalen tamfol daga ƙasarsu, yana ji da shi kamar amarya. Ƙarshen damina muka isa fadamar Kwalkwalawa, gulbi ya cika ya shanye shinkafa kwana biyu ke nan. Gogan ya ga ruwa kwance lumui, ya zaro taswira ya rubuta tafki. Abin da aka rubuta tafki kuwa ya tashi daga zama gonar kowa.

Arzika, wani dattijo manomi, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga gonata ta. Shinkahwa na ƙasa."

Hedimaninmu Labbo, wanda ko atishawa Bature ya yi sai ya ce daidai ne, ya juya ya ce da Turanci tsoho na yi masa barka da zuwa. Na tsinci Turancin da ya isa in gane, raina ya ɓaci.

Sai Bature ya ce zai zaga tafkinsa ya sha iska, ni in shige gaba a jirgin masunta ina gwada zurfi da gora. Ɗan fadama ne ni, na san inda manoma ke ɗaga tudun iyaka tsakanin gona da gona. Jirginmu na raɓa ta gefe, na ɗaga gora na nuna masa tsakiya, daidai inda tudun yake.

Kwalekwalen ya hau tudu ya zauna daram. Ya tuƙa, ya zungura, ya yi ja wur. Da ya gaji ya diro, yana jiran nutsewa, ruwa ya tsaya masa a gwiwa. Ya ɗago ƙafa, ga shinkafa ta naɗe takalmin har saiwa.

Arzika ya tako cikin ruwan ya ce, "Labbo, hwaɗa mai shi taka a hankali. Iri na."

Wannan karon Labbo ya fassara daidai.

Bature ya goge tafki ya rubuta gona. A rahoto kuwa aka ce binciken Bature ne ya gano haka, da taimakon hedimani. Ni aka ce ban iya gora ba, aka karɓe sarƙa aka ba ni dakon kwalekwalen wata uku.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku san halin mai riƙe da fensir: bakin manomi ba ya isarsa shaida, sai taɓo ya hau wandonsa. Arzika ya girbe shinkafarsa a shekarar, ni kuma ban taɓa ɗaukar kaya marar nauyi kamar kwalekwalen nan ba.