Sallama Daga Bayan Katanga

Lokacin da wannan abu ya faru ina zaune ne a barikin Shadawanka, matar soja, da 'ya'yana ƙanana, ina 'yar sana'ar sayar da atamfa. Duk barikin an san ni da baki. Ba na barin ta kwana, ko matar babban hafsa ce ta taka ni sai ta ji a jikinta. To amma bakin nan nawa ya mutu murus a lokacin da ya fi kamata ya yi aiki, kuma abin yana ci na har yau. Ba zan ambaci sunan kowa ba, Edita, waɗanda suka sani sun sani.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, mutumin unguwar Ƙofar Dumi a cikin gari. Da awon hatsi ya fara, har Allah ya buɗa masa ya mallaki manyan motoci masu kai kaya kudu. Duk da haka bai yarda ya bar tsohon gidanmu na cikin lungu ba, inda ko mota ba ta shiga, sai dai a ajiye ta a bakin titi a tako. Ya gina rijiyoyi, ya aurar da marayu, kuma duk Juma'a kafin masallaci sai ya zaga asibiti ya duba marasa lafiyar da bai ma san su ba. Amma abin da mutanen unguwa suka fi saninsa da shi shi ne zaurensa. Daga sallar asuba yana zaune a kan buzu, ga tulun kunu a gefe, mai neman taimako ya zo, mai neman a raba rigima ya zo, wanda hira kawai ta kawo shi ma ya zo. Doka ɗaya ce a gidanmu wadda ba a taka ta: ba a ce wa mai sallama Baba ba ya nan alhali yana ciki. Ina yarinya na taɓa yi, don na ga ya gaji yana barci, na ce wa wani tsoho ya fita. Da ya farka ya ji labari, bai dake ni ba, amma ya kama hannuna muka bi lungu-lungu har gidan tsohon, ya sa na durƙusa na ba shi haƙuri. A hanyar dawowa ya gaya mini cewa sallama amana ce, wanda ya yi ta ya sauke nasa nauyin, saura na wanda aka yi wa.

A cikin gida ma haka yake. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, shi da kansa yake yanke mata farce, yana ba ta kunu a cokali, ga mu 'ya'ya ga masu aiki amma ya ce wannan ladan nasa ne. Jikinta ya lalace ƙwarai a ƙarshe, amma ko sau ɗaya bai hana mata shiga dubiya ba. Ya ce mara lafiya da ganin fuskokin mutane yake samun ƙarfi.

Bayan rasuwar Inna da 'yan shekaru sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a zauren nan nasa. Bakinsa ya karkace, miyau yana zuba, magana sai da ƙyar kalma ɗaya ko biyu ke fita, amma hankalinsa garau. Da aka sallame mu daga asibiti, babban yayanmu, wanda harkokin kasuwar suka koma hannunsa, ya ce ba za a mayar da shi Ƙofar Dumi ba. Ya kai shi sabon gidan da ya gina a Inkil, can bayan gari, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi. Ni ce kaɗai mace a cikinmu, maigidana kuma yana bakin daga, don haka na kwashe yara na koma can jinya. Yaya ya tara mu ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗi inda Baba yake. Duk wanda ya tambaya a ce an fitar da shi ƙasar waje neman magani. Hujjarsa wai mutum kamar Alhaji bai kamata a gan shi da tsumma a haɓa ba, wai abokan ciniki za su janye in suka ji ya faɗi, wai kuma masu roƙo za su hana shi hutawa. Sauran 'yan'uwana maza duk suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ni ma na gyaɗa, Allah ya yafe mini, don a lokacin na ɗauka abin na ɗan lokaci ne.

Haka muka zauna. A masallatan cikin gari ana ta addu'ar Allah ya dawo da Alhaji gida lafiya, shi kuwa yana nan Inkil, tafiyar da ɗan acaɓa zai yi kafin shayi ya huce. Ɗaki ne mai kyau, ga gado irin na asibiti, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga likita yana zuwa. Amma mutumin da ya saba wayewar gari cikin hayaniyar jama'a, yanzu ba ya ganin kowa sai ni da bango. Da safe in na gama goge masa jiki sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa, ya yi ta kokawa da harshensa har kalmar zaure ta fito. Ni kuma in ce masa sai ya ƙara samun sauƙi. Yakan dube ni, irin kallon da ya yi mini ranar da na kori tsohon nan, sai in sunkuyar da kai in kama ninke zanin gado.

Akwai wani aminin Baba tun suna samari, Bafulatani, muna ce masa Baffa. Rugarsu tana bayan Inkil ɗin, kuma matarsa ce ke kawo mana nono. Ita ta hango Baba a keken marasa lafiya wata rana da na fito da shi shan hantsi, ta kai labari. Washegari sai ga Baffa a ƙofa da sandarsa. Maigadi ya ce masa Alhaji ba ya nan, yana ƙasar waje. Baffa bai yi musu da shi ba. Ya zagaya ta bayan gida, ta cikin gonar masara, ya tsaya daidai tagar ɗakin da matarsa ta kwatanta masa, ya ɗaga murya ya yi sallama daga bayan katanga, ya kira Baba da sunan da tun rasuwar Inna ban ƙara jin wani ya kira shi da shi ba. Ina riƙe da kofin magani a lokacin. Wallahi sai da kofin ya kusa suɓuce mini, don mutumin da ko juyi sai an juya shi, sai ga shi ya yunƙura da gwiwar hannu, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe, ya amsa sallamar nan. A karkace ta fito, amma ta fito cikakkiya har da wa barakatuhu. Baffa ya yi masa sannu da jiki, ya ba shi labarin shanu da na damina kamar suna zaune a tabarma ɗaya, sannan ya yi addu'a ya tafi. Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas.

Daga nan Baffa ya mayar da abin al'ada, duk Juma'a da hantsi. Baba ya san ranar, tun safe yake sa in buɗe taga in saka masa hula. Na ɓoye wa Yaya, amma maigadi ya kai masa tsegumi. Ya zo a fusace, ya ce tsohon nan zai tona mana asiri a gari, a mayar da Baba ɗakin tsakiya wanda tagarsa ke kallon cikin gida. A nan ne na ɗan yi magana. Na ce masa Yaya ka ji tsoron Allah, mutumin nan ba gawa ba ne, kuma ba abin kunya ya aikata ba, ciwo ne Allah ya ɗora masa. Na tuna masa yadda aka yi jinyar Inna. Ya ce ni mace ce, ban san yadda duniya take ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sannan ya faɗi abin da ya kashe mini baki: in ba zan bi tsarinsa ba, in tattara yarana in koma bariki, zai ɗauko ma'aikaciyar jinya a biya ta. Na dubi Baba, na tuna ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Da hannuna na tura keken zuwa ɗakin tsakiya.

Juma'ar da ta biyo baya na saka masa hula kamar kullum, don ya nuna ta da hannu. Ya kasa kunne tun hantsi har aka yi kiran salla, bai ji komai ba. Ni kuwa da na fita shanya a bayan gida na ji muryar Baffa tana sallama a tagar ɗakin da ba kowa a ciki, ya yi, ya jira, ya sake yi. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, maigadi yana kallona daga nesa, ban ce uffan ba. Bayan wannan Baba ya daina nuna ƙofa, ya daina neman hula, abinci ma sai in yi ta lallashi. Na yi ta ƙulla yadda zan samo mai keke napep in sace shi in kai shi Ƙofar Dumi ko da na yini ɗaya ne, kowa ya gan shi, in ya so Yaya ya kashe ni. Kullum sai in ce bari maigidana ya dawo in samu mai tsaya mini. Kafin ya dawo, wata ranar Talata da la'asar, Baba ya cika.

Abin da ya sa na ce sai na rubuto shi ne abin da na gani a wajen addu'ar arba'in. An kafa rumfuna a bakin titin unguwarmu, an buɗe zauren da ya yi wata da watanni da kwaɗo, an share, an shimfiɗa buzun Baba ana nuna wa baƙi. Manyan mutane suka yi ta jawabi. Sai Yaya ya karɓi lasifika, da babbar riga tana ɗaukar ido, har da share hawaye, ya ce mahaifinsu mutum ne da ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa ga kowa ba har ya koma ga Allah, kuma su 'ya'yansa a kan wannan tarbiyya suka tashi. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ina cikin gida tare da mata ina ji. Kai, jama'a! Wanda ya sa kwaɗon da hannunsa shi ne yake wannan magana, ko kunyar buzun bai ji ba. Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tsofaffin unguwa suna shigowa suna yi mini ta'aziyya, suna cewa da ma a gida ya yi jinya da sun samu ladan dubiya, ni kuwa ina amsawa da amin kamar munafuka.

Baffa bai shiga rumfa ba. Da taro ya watse ya aiko a kira ni, na same shi tsaye a bakin lungu ya dogara da sandarsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce abu ɗaya yake so ya sani: da amsa ta daina zuwa, muryar ce ta ƙare, ko kuwa amininsa fushi ya yi da shi don bai kutsa ya shiga ba? Ya ce ya ci gaba da zuwa har Juma'ar ƙarshe, yana cewa ko ba ya iya amsawa ai yana ji. Na durƙusa a ƙasa a cikin lungun nan na gaya masa gaskiya, cewa ɗakin da yake yi wa sallama ba kowa a ciki, mun ɗauke shi, kuma ni na tura keken. Sai ya ce to alhamdu lillahi, da ma shi ya san mutumin nan ba ya barin sallama ta faɗi ƙasa in dai ta kai kunnensa. Ya juya ya tafi, kuma ko nonon ba a ƙara kawo mana ba.

Yau ni da Yaya sai gaisuwar salla. An ce in yi haƙuri, zumunci ya fi, kuma ina ƙoƙari, amma duk shekara in na ga ya buga hoton Baba da dogon yabo sai zuciyata ta tashi. Ni ma ban wanke kaina ba, na ji tsoron a raba ni da shi, sai na taya aka raba shi da kowa. Ku masu jinyar iyaye, musamman 'ya'yan masu hali, ku ji da kyau. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma abin da kuke kira rufin asiri sau da yawa naku asirin kuke rufewa, tsohon kuwa kun binne shi tun yana numfashi. Gado mai laushi da likita mai tsada ba za su maye masa muryar abokinsa ba. In babba a gidanku ya kawo irin wannan tsari, ku yi magana tun da wuri, ku kira kawunnai da limamin unguwa, kada ku jira kamar yadda na jira, don da na sani ƙeya ce. Mutumin da ya ja ni lungu-lungu don na ce wa baƙo ɗaya ba ya nan, mu 'ya'yansa mun ce wa gari guda ba ya nan, yana kwance da hularsa a kai yana jiran sallama.