Karen da Raviro Ta Raɗa wa Suna

Jokonia mijin yayata ne, don haka a al'adarmu Babamukuru nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mainini, kuma tun ina 'yar shekara goma sha biyu ba mu taɓa haɗuwa ban tsokane shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe nan Mutare, aikinsa ya buga ƙafafun jirgi da guduma ya saurari ƙarar. In ƙarfe ya tsage, shi zai fara ji. Amma a yi masa magana a gida, sai an maimaita sau uku. Ba ya sha, ba ya hayaniya, coci ma sai yayata Raviro ta tasa shi gaba.

Mantuwa ce kaɗai cutarsa. Wata rana Raviro ta dawo daga ƙauye da buhun masara biyu, ta zauna a tashar Sakubva tun hantsi har la'asar tana jiran ya zo ya ɗauke ta. Da ta gaji ta sami mai baro ta iso gida, sai ta tarar da bawan Allah a tsugune yana ba wani ɗan kwikwiyo madara a murfin kwano. Wai a bakin layin dogo ya tsince shi. Washegari ta raɗa wa karen suna Uchandifunga, wato "za ka tuna da ni".

To, mu haka muke. Abin da ba za ka iya faɗa wa miji ko maƙwabci ido da ido ba, sai ka sa wa kare, ka riƙa ƙwala kira safe da yamma, mai kunne ya ji. Raviro kuwa ta hana a gajarta sunan ko da wasa. Shekara goma sha ɗaya Jokonia na tsayawa a bakin ƙofa yana yi wa kansa habaici da bakinsa, unguwa na dariya, shi ko a jikinsa.

Raviro ta rasu bara da damina. Bayan wata bakwai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun hagu ya daina aiki. 'Yarsa Netsai ta ce lallai ya koma wurinta a Harare, ita kuma a bene take, hawa na uku, ba a shiga da kare. Waɗanda za su kama hayar gidansa suka ce ba sa so. Dangi a ƙauye suka ce me za su yi da karen da ba haƙora, da wane baki zai kori birai daga gona? Ni ɗaki ɗaya nake haya, matar gidan kuma kaji take kiwo. Har durƙusa mata na yi, ni da furfurata, ta ce in zaɓa, ko ɗaki ko kare. Allah ya isa tsakanina da ita.

Sai gidan dabbobin da ke bayan gari. Ran Laraba da safe wani maƙwabci ya kai mu a a-kori-kurarsa. Jokonia ya ƙi zama a gaba, ya hau baya ya zauna kusa da karen, da ƙullin sauran sadza, tuwon masararmu, a aljihu.

Wata yarinya ce ta karɓe mu, Vimbai sunanta, da takarda da biro.

"Shekarunsa nawa, Baba?"

Na yi wuf na ce, "Shida."

"Sha ɗaya," in ji shi.

Na mintsine shi a hannun da ke da rai. Bai ko dube ni ba.

"Sunansa fa?"

Ya faɗa. Yarinyar ta tuntsire da dariya. "Kai, Baba! Wa kuka ɓata wa rai haka?"

"Matata."

"Tana ina, ta bar ku da shi?"

"Ta rasu."

Dariyar ta tsaya. Ta ajiye biron ta yi mana bayani ba kwana-kwana. Wurin ya cika. Tsohon kare mako uku yake samu, in ba wanda ya ɗauka sai allurar kashewa. Ta ce shekarun ba yadda za ta yi da su tunda ya riga ya faɗa, amma sunan, dole a canza.

"Wa zai kai wannan sunan gidansa, Baba? Ranar farko surukarsa ta ji ana kira, ta ce da ita ake. Ko maƙwabci ya ɗauka gaba ce. Ba mai ɗauka, gaskiya nake gaya muku."

"Rubuta abin da kike so."

"A'a, ku za ku zaɓa. Ku kira shi da shi kuma, ya fara ji daga bakinku, zai fi saurin kamawa."

Ni na san abin da ake nema a wurin Jokonia, maganar Raviro ce ta ƙarshe da ta rage tana yawo a tsakar gidansa da ƙafa huɗu. Can ya ce, "Shumba."

Na ce, "Zaki? Babamukuru, zaki ba haƙora? Ashe sunanka ka ba shi." Na ɗauka zai rama kamar kullum. Bai rama ba, ni ma ban ji daɗin bakina ba.

Ya matsa taku biyar ya juyo. "Shumba." Karen na kwance yana lasar ƙafa. "Shumba." Ko kunne bai ɗaga ba. Ya sake, muryar ba sama ba ƙasa, kamar mai karanta lambar tarago. Sai ya kwance ƙullin da haƙori, ya miƙa sadzar. Karen ya taso da kyar ya zo ya ci.

"Kin gani," ya ce wa Vimbai. "Ya koya."

Ya sa hannu a takarda. Ta tambayi lambar da za a kira in an sami mai ɗauka, ko in ranar ta zo. Ya ba ta tawa, a gabana, bai tambaye ni ba. Muna fita karen ya fara haushi, irin haushin da duk unguwarmu ta sani. Jokonia ya ci gaba da jan ƙafarsa har mota. A hanya ya tambaye ni ko na rufe tagar kicin. Na ce na rufe. Na so in yi kuka, na nema na rasa, sai yunwa kawai nake ji.

Ran Asabar Netsai ta zo ta tafi da shi.

Talata ta uku ina wanki Vimbai ta kira. "Mama, ba a samu ba. Gobe ne da safe." Na ce to, na gode. Na gama wankina na shanya.

Ran Lahadi ya kira daga Harare. Ya tambayi ruwan sama, ya tambaya ko 'yan haya sun sare bishiyar fiya. Karen ne kawai bai tambaya ba.

Na ce, "Babamukuru, mutanen nan sun kira..."

"Netsai na kirana, an sauke abinci," ya ce, ya kashe wayar.

Duk Lahadi yana kira. Wata biyar ke nan, ban ƙarasa maganar ba.